Jajen Goggo

Gusau ɗin da na tashi a cikinsa garin auduga ne da gyaɗa, kuma a lokacin yana ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe ya dire a Ƙaura Namoda, shi ya kwaso mutane daga ko'ina ya zube su a Sabon Gari: Yarbawa, Ibo, mutanen kudancin Zariya, ƴan Filato. Wasu suna aikin reluwe, wasu masaƙa, wasu kamfanin man gyaɗa. Ranar Lahadi kowa ya nufi majami'arsa. Katolika suna da Our Lady of Fatima, inda limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka suka zauna tun shekarun 1950, sistocinsu kuma suna karɓar haihuwa ba tare da sun tambayi addinin mai naƙuda ba. Mu ƴan ECWA ne, da Hausa muke sujada, don ba mu da wani harshe sai ita.

Kakanninmu Maguzawa ne daga ƙauyukan gindin Dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bungudu ta yanzu. Da zamani ya juya sai dangi suka rabu: mafi yawa suka musulunta, kaɗan suka bi masu bishara. Shi ya sa ba a taɓa yin suna ko zaman makoki a gidanmu ba tare da an tanadi buta da tabarmar salla ba.

Goggo yayar babana ce. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take sayarwa, kuma sai da ta yi furfura ta koyi karatu a ajin manya na ikilisiya, don kawai ta iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kanta. Tsohuwar fassarar nan ta 1932 take riƙe da ita. Da sabuwa ta fito aka saya mata, ta yi godiya, ta adana a ƙasan akwati, ta ce Hausar cikinta ta yara ce.

Abin da aka san ta da shi jaje. In ta ji an yi gobara a Tudun Wada, ko ɗan wata ya rasu a Bungudu, ko an kwantar da matar wani ɗan'uwa a Tsafe, sai ta ɗaura zanen Zumuntar Mata ta ikilisiya, ta ƙulla ƙuli-ƙuli a leda, ta ce in ɗauko mata jaka. Ba ta shiga gida da wa'azi. Takan zauna, ta yi gaisuwa, in da wanke-wanke ta sa hannu. Sai an jima, hankali ya ɗan kwanta, sannan ta matsa kusa da mai abin ta ce, "Ƙanwata, kin dai san hanyata. In kin yarda in roƙa miki Allah cikin sunan Yesu Almasihu nan wurin. In ba ki so, in na koma gida na yi." Wasu su ce bismilla. Wasu su ce a'a, Yaya, mun gode. Akwai maigidan da ya aiko daga zaure cewa kada ta sake. Ba ta sake yin addu'a a gidan ba, amma ranar sadakar bakwai tana cikin masu tuƙa tuwo.

Wanda bai zauna cikinmu ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Ni a ganina ya fi tsayawa a kan mumbari wuya. Baƙon mai wa'azi in an kore shi yana da garin komawa. Goggo kuwa da ƴan'uwanta na jini take magana, waɗanda suka san ranar da ta bar tsafin ubanta, wasunsu ma har gobe suna ganin ta yi ɓatan kai. Kuma ba ta da wani ilimin tauhidi. Jarinta labarin kanta ne: ƙyanda ta ɗauke mata ƴaƴa biyu cikin damina ɗaya, miji ya bi su, ta yi wata da watanni ba ta iya cewa amin. Wannan na ƙarshen ba ta taɓa ɓoye shi ba. Ta nan mata suke kama hannunta.

Da dare mukan kewaye rediyon Baba mu kamo shirin Hausa na ELWA daga Laberiya, murya tana zuwa tana komawa, har yaƙin ƙasar ya rufe tashar a 1990. A 1996 aka ba mu Jihar Zamfara, muka yi murna tare da kowa. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, kuma ba zan ce ba mu tsorata ba. Iyalai da dama suka tura mata da yara gida Kudu, bencinan majami'a suka yi sarari. Wani dattijon ikilisiya ya shawarci Goggo ta rage yawo har a ga yadda ƙura za ta lafa. Ta ce, "Malam, su suna da inda za su. Ni nan anka binne cibiyata. In na daina zuwa gaisuwa yanzu, mi za su ce game da Ubangijina?"

Ta rasu kafin daji ya ɓaci. Wani lokaci nakan ce Allah ya hutar da ita.

Shekarar 2021 ba mai mantawa da ita. A Fabrairu aka kwashe ƴan matan makarantar Jangebe. A Satumba aka rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya, a watan ne kuma aka yi garkuwa da Sarkin Bungudu a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Wajen ƙarshen shekara sai ga labarin takardar barazana cewa a rufe majami'u. A Satumbar 2023 aka shiga Sabon Gida aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ɓarayin daji ba su tambayar wace alƙibla mutum yake kallo, kuma yawancin waɗanda suka kashe ko suka kora daga gonakinsu Musulmi ne, cikinsu har da danginmu na ƙauye.

Matan Zumunta ba su kai na da yawa ba, amma suna fita. Sukan tara masara da tsofaffin zannuwa su kai wa ƴan gudun hijirar da suke kwana a kangwayen Gusau. Hanyar Tsafe sai rana ta take ake binta, a juyo kafin la'asar. Cikin matan akwai wata da aka taɓa ɗauke mijinta, sai da aka sayar da gona, maƙwabta Musulmi da ƴan ikilisiya suka cika sauran kuɗin fansa. Yanzu ita ake sawa gaba in za a shiga gidan da abin ya faɗa wa. Na ji ta tana yi wa wata uwa bayani dalla-dalla: ɓarayin za su bugo waya, za su yi zagi, bayan kuɗi za su iya cewa a kawo babur da katin waya, kada a bar mai zafin rai ya amsa musu. Uwar ta tambaye ta ko ita ta iya barci a lokacin. Ta ce, "Inna, ban iya ba. Abinci ma sai da aka yi mini dole. Ki fara shan kunun nan tukuna, sannan in kin yarda mu yi addu'a."