Ƙasa Ma Tana Son Riga

Daga Katsina zuwa Daura tafiyar kamar mil 50 ce, ta wajen gabas. In baƙo ya isa, abin da a kan fara nuna masa shi ne rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijin nan. Amma wanda ya je a farkon damina, ya kamata ya dubi gonakin bakin hanya kuma, gama akwai karatu a cikinsu.

Ƙasar Daura jigawa ce, ta gero da gyaɗa da wake. Ruwa ya kan sauka daga Yuni zuwa Satumba. Da an gama kaka sai a kwashe kara domin darni da girki, a ɗaure harawa, dabbobi su cinye abin da ya rage. Saboda haka ruwan fari ya kan tarad da gona tsirara. A hanyar Zango na ga inda ruwa ya tsaga wata gona, ya kwashe ƙasar sama ya zube ta a kan hanya. Gonar da ke maƙwabtaka da ita kuwa, mai gamba a kan iyaka da gawo a tsakiya, ko gezau ba ta yi ba.

Ga dalili. Ɗigon ruwa in ya faɗo a kan ƙasa tsirara, dukanta ya ke yi, ya warwatsa ta, ya toshe ƙananan kafofin da ruwa ke shiga. Sai ruwan ya gudu, ya tafi da taki. In akwai ciyawa ko kara, su ne za su tare dukan, saiwa ta riƙe ƙasa, ruwa ya nutse a hankali.

Iyaye da malamai, kuna iya nuna wa yara wannan a tsakar gida, kamar yadda mu kan yi a makarantarmu. Ku cika faranti biyu da ƙasa, ku jingina su a karkace. Ku rufe ɗaya da ciyawa, ku bar ɗayan haka nan. Ku huda gindin gwangwani da ƙusa, ku yayyafa musu ruwa daidai wa daida, ku tari abin da ya gangaro a kwano. Na faranti mai ciyawa kaɗan ne, garau. Na ɗayan kuwa kamar kunu. Sai ku tambayi yaro, wanne ne gonar babanka?

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. A 1983 wani ɗan mishan na S.I.M. a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura kututturen da ke gonaki suna da rai. Ya koya wa manoma su daina sassabe tohon duka, su bar 'yan rassa masu ƙarfi su girma. Ta haka itatuwa miliyoyi suka komo a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba tare da dashe ba.

A Farawa sura 2 mun karanta cewa aiki biyu aka danƙa wa Adamu a gonar Adnin, noma da kiyayewa. Na farin mun iya shi. Bana in an yi girbi, mu bar wa gona rabonta na kara, mu ƙyale sabara da kalgo su tofo, domin 'ya'yanmu su gaji gona, ba fako ba. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka.