Fataucin da ba a komowa da haja

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ɗan kasuwa ya san ita ce kuma mabuɗin aljihu. Wanda ya ɗauki hanyar Kwatano ko Dubai ya san abin da zai sayo, ya kuma ƙiyasta ribarsa tun kafin ya ɗaure kaya. Akwai kuwa wata tafiya da dubban mutane ke yi kowane hunturu, su biya kuɗɗinta cif, alhali babu mai yi musu alkawarin za su ga abin da suka je nema. Ita ce tafiya ƙuryar arewacin duniya don ganin hasken da Faransawa ke kira oror boreyal, wato alfijir na arewa.

Irinta wani Alhaji mai sayar da atamfa a Maraɗi ya yi a farkon Janairun 2025, bisa gayyatar ɗansa da ke karatu a jami'ar Tromso, a ƙasar Norwe. Maƙwabtansa na kasuwa ba su raga masa ba. Suka ce kuɗɗin biza da na jirgi, daga Yamai zuwa Istambul, zuwa Oslo, sannan Tromso, sun isa Umra, shi kuwa zai zubar da su wajen kallon sama. Maganar ta zamna masa a rai har ya sauka.

Duhu ne ya fara tarbarsa. Tromso na da nisan kusan kilomita 350 arewa da layin da ake fara samun yinin da rana ba ta fitowa, kuma daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba a ganin ƙwayarta sam. Da tsakar rana sai wani shuɗin haske awa na bayan magariba, ya ɗan jima ya wuce. Mutumin da ya saba auna azahar da inuwarsa sai ya rasa inuwar. A masallacin Alnor da ke garin aka shaida masa cewa a irin waɗannan kwanaki lokutan Makka ake bi wajen salla.

Dare na farko girgije ya rufe sama. Na biyu dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Na uku aka biya mai mota, aka yi awa biyar a bakin teku, aka komo da sanyi kawai. Alhaji ya fara lissafi irin na kasuwa: kwana uku sun tafi, saura biyu, uwar kuɗi na narkewa. Ya ce wa ɗan: "Kai, a ina ake kai ƙara in an biya ba a ga kaya ba?" Ɗan ya ce: "Baba, wannan awa duban watan Salla ne. Yana can, girgije ne tsakaninmu da shi."

Gaskiya yaron ya faɗi, kuma asalin hasken abin mamaki ne ga mutumin Sahel, domin daga rana yake. Rana, da ke nesa da kusan kilomita miliyan 150, tana fesar da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, suna gudun kilomita 400 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, su iso cikin kwana biyu zuwa huɗu. Ƙarfin maganaɗisun duniya kan kare mutane daga mafi yawansu, ya karkata saura zuwa ƙuryar arewa da ta kudu. Can suke karo da iskar sama: oksijan ta ba da kore a tsayin kilomita 100 zuwa 150, ta ba da ja sama da kilomita 200, nitrojan kuma ta ba da shuɗi da shunayya. Masanin Norwe Kristian Birkeland, wanda ya rasu a 1917, shi ya fara gwada wannan bayani a ɗakin bincike. Tafasar rana kan kai ƙololuwa kusan kowace shekara 11. A 2024 ta kai, har a daren 10 ga Mayu aka ga hasken a Meziko. Abin ba ado kaɗai ba ne: a Maris 1989 irin wannan guguwa ta katse wutar lardin Kebek na Kanada har awa tara.

Musulmi ma sun daɗe da labarinsa. A shekarar 922 Ahmad bin Fadlan, ɗan aiken halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Bolga, ya rubuta cewa ya ga sama ta yi ja, da siffofin mahaya suna gwabzawa, har shi da abokan tafiyarsa suka shiga addu'a. Masana da dama na ganin wannan haske ya gani. Su kuwa Sami, makiyayan barewar arewa, sukan hana ɗiyansu yi masa fito ko ɗaga masa hannu, don girmamawa da tsoro.

Dare na huɗu jagora ya bar gaɓar teku, ya nufi Skibotn, inda duwatsu ke tare girgije, ya miƙe wajen iyakar Finlan. Sanyin can ya ci uban na Tromso, har gemun Alhaji ya daskare. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani farin zare ya bayyana a arewa, ba shi da maraba da hazon hunturu. Salular ɗan ta nuna shi kore shar, ido kuwa bai gani ba tukuna, domin na'ura ta fi ido kama launi a duhu. Alhaji ya ce a ransa ashe wannan ne. Can sai zaren ya kumbura, ya warware daga gabas har yamma awa an baza turmin atamfa a iska, gefensa na naɗewa yana buɗewa, kore bisa, shunayya a ƙasa, babu ƙara ko kaɗan. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana auna yadi ya rasa ta inda zai fara awo. Tasbihi kawai ya iya. Minti ashirin ba su cika ba, sama ta koma yadda take.

Mai niyyar irin wannan tafiya ya sani lokacinta daga Satumba ne zuwa Maris, ya ware dare huɗu ko biyar, ya nisanci fitilun gari, ya kuma yarda tun daga gida cewa yana iya komowa bai ga komi ba. Kuɗɗi kan kai mutum ƙarƙashin samaniyar ne kurum. Sauran ba na sayarwa ba ne.

Da Alhaji ya komo aka tambaye shi tsaraba, ya nuna hotuna, aka ce ai an sha ganin irinsu a salula. Bai yi gardama ba. Amma cikin Afrilu, sa'ad da zafi ya wuce digiri 40 kowa na tsine wa rana, an ji shi yana cewa a bar zaginta, shi ya ga aikin da take yi a ƙasar da ba ta fitowa. Allah shi ƙara mana sanin ikonsa, amin.