Takalmin Zomo a Gindin Mangwaro

Duk mai fasfon Najeriya yana yawo da wannan fure a aljihunsa, ko ya sani ko bai sani ba. Ku duba tambarin ƙasa, can ƙarƙashin kofatan fararen dawakan nan biyu: furannin da ke cikin ciyawa su ne takalmin zomo. A tambari akan yi musu jan launi, amma a daji ruwan ɗorawa ne.

A nan Ngaundere yana fita a kurmin bayan gari da zarar damina ta sauka, wajen watan Afrilu. Ganye huɗu gare shi, masu faɗi da kauri, shimfiɗe a ƙasa kamar an jera faifai, furen kuma a tsakiya. Dangin citta ne na nesa, ƙarfinsa duk yana cikin saiwa. Sai dai kurmin da nake ganinsa a da, masu gawayi sun cinye rabinsa, shi kuwa ba ya daɗewa inda inuwa ta kau. Shi ya sa na haƙo saiwa uku daga wata gona da ake sharewa, na binne su a gefen mangwaron gidanmu, inda rana ke ɗan leƙowa da safe kawai.

Ba ya son taki mai yawa, ba ya son ruwa ya kwanta masa. Busasshen ganyen da ya zubo ya ruɓe a kansa, shi ne abincinsa. To, nan fa muka daɗe muna ja da uwargida, domin ita tsakar gidan da tsintsiya ba ta bi ba, masaukin maciji ne. Kuma tana da gaskiyarta. Muka rabu a kan taku biyu: na kewaye da duwatsu, ciki nawa, waje nata.

Wuyar aikin tana rani. Daga Nuwamba ganyen ya bushe, wurin ya koma fili fetal, sai ka rantse ba a taɓa shuka komai ba. Kada a ba shi ruwa a lokacin, saiwar ruɓewa za ta yi. Kada kuma a bar kaji su tone. Wata biyar ke nan kana gadin ƙasa tsagwaronta, maƙwabta na yi maka dariya.

Bana saiwa uku sun zama tara. Alhajin da ke sayar da goro kusa da shagona ya roƙi biyu, na ce sai na je na ga inuwar gidansa tukuna.