Hannun da ke Yawo a Fuska

Sanyin Faransa da jirginsu na ƙarƙashin ƙasa duk na sha labarinsu tun ina Bader Goula. Wanda ba a taɓa ba ni ba shi ne na masu magana hannu na yawo a fuska.

A wata lakwal ta birnin Liyon na gani. Malami na koyarwa, wata mata na zaune gaban wata yarinya kurma tana maimaita maganarsa da leɓe kawai, ba sauti. Hannunta kuwa bai huta ba: ya hau kunci, ya sauko gefen baki, ya taɓa haɓa, ya gangara maƙogwaro, ya fita gefe. Wurare 5 ke nan, na wasula. Yatsu kuma siffa 8 suke yi, ta baƙaƙe. LPC suke kiran abin.

Ga inda dabarar take. A leɓe, "papa" da "baba" da "mama" duk ɗaya ne, kowa ya gwada a madubi. To idan aka miƙa manuniya kaɗai, p ce. Yatsu huɗu, b. Tafi a buɗe, m. Manuniyar nan kuma ita ce d, tunda leɓe ya riga ya raba p da d. Wani Ba'amurke, Orin Cornett, ya ƙirƙiro tsarin a 1966 a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washinton, Faransawa suka gyara shi daidai da bakinsu.

Kada dai a ɗauka harshen kurame ne. Faransanci ne aka ɗora wa hannu gaɓa-gaɓa. Kuramen ƙasar suna da nasu harshen, LSF, wanda aka kora daga aji bayan taron Milan na 1880, doka ba ta karɓe shi a matsayin cikakken harshe ba sai 2005. Shi ya sa wasunsu ke yi wa LPC kallon hadarin kaji, kuma ban ga laifinsu ba. Namu kuramen ma a kasuwar Dakoro da maganar hannu suke cinikin raƙumi har a sallama, ba harafi ko ɗaya.

Sai dai yarinyar nan na ga ta rubuta shifta tare da ƴan ajinsu, idonta na kan haɓar matar. Mai son yin haka da Hausa yana da jan aiki: b da ɓ leɓe ɗaya ne, ga dogon wasali da gajere, ga karin sautin da ba ya bayyana a fuska ko kaɗan.