Kura da Shan Bugu

A hutun da ya wuce ina binciken wata tsohuwar adaka a ɗakin yayana, sai na ci karo da wata baƙar waya mai maɓallai ƙanana kamar haƙoran ɓera. Na ce, "Yaya, wannan ba BlackBerry ɗinka ba ce?" Ya karɓa ya juya ta, ya yi murmushi, ya ce, "Ita ce. Raguna biyu na sayar a kanta."

Ina ɗan yaro a 2012 lokacin da ya sayo ta, amma ban manta da yadda samarin unguwa suka riƙa zuwa kallo ba. A zamanin nan kamfanonin layi na ƙasar nan, MTN da Glo da Airtel da Etisalat, kowanne yana da tsarin data na musamman domin masu BlackBerry, mai sauƙin kuɗi. Mai Android kuwa sai dai ya biya da tsada. Har aka sami masu gyaran waya da ke sauya wa Android lambar shaida, don layi ya ɗauka BlackBerry ce.

Da na girma na yi karatu, sai na gane ruwa ba ya tsami banza. Ashe can Amurka ma haka aka yi. A 2007 da Apple ya fito da iPhone, kamfanin AT&T kaɗai aka ba izinin ɗaukarta. A 2008 yana sayar da ita dala 199, da sharaɗin mutum ya zauna kan layinsa shekara biyu, sauran kuɗin wayar a tatse shi a hankali cikin biyan wata-wata. Da abokin hamayyarsa Verizon ya ga masu ciniki na gudu, sai ya rungumi Android, ya tallata wayar Droid ta Motorola a 2009. Bai sami iPhone ba sai 2011, amma kafin nan Android ta riga ta kafa gindinta. To, ka gani ya mai karatu, mai layi tamkar dillali yake. Ba ruwansa da kyan haja, inda la'ada ta fi kauri nan zai karkata.

Mu a nan akwai bambanci. Kasuwa muke zuwa mu sayi waya da kuɗinmu, Tecno ko itel ko Infinix, mai gidan layi biyu, wanda ya yi mana tsada mu cire shi. Duk da haka farashin data ne ya ja irin su yayana zuwa ga BlackBerry, ba wani abu ba.

Ƙarshen al'amarin fa? WhatsApp ya daina aiki a kanta a ƙarshen 2017, aka rufe BBM ta jama'a a 2019, sannan a Janairun 2022 kamfanin ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa baki ɗaya. Yaya ya ce ba ragunan ke damunsa ba. Akwai wani amininsa da suka yi bautar ƙasa tare, wanda bai taɓa karɓar lambarsa ba, sai lambar BBM kawai. Da aka watse, zumuncin ya tafi, har yau bai san ko yana raye ba. Kamfanonin kuwa kowa ya kama sabon ciniki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu ni ma ina tara kuɗin sabuwar waya daga ɗan guzurin makaranta. Amma kafin in saya, na sami littafi na Naira ɗari biyar, ina rubuta lambobin abokaina da sunayen garuruwansu. 'Yan ɗakinmu suna ta yi mini dariya, wai na zama tsoho. Ni dai na ga abin da ke cikin adaka.

Allah Ya bar zumunci, amin.