Muryar Inna a cikin waya

Inna ba ta yi boko ba, saƙon rubutu bai taɓa yi mata amfani ba. Amma tun da ƙanina ya koya mata danna alamar makirfo a WhatsApp, kullum bayan asuba sai muryarta ta shigo wayata daga Funtuwa. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana: "Ke, kun tashi lafiya? Ya mutanen nawa?" Sai addu'a ta biyo baya.

Sau tari ina haɗa wa yara abin kari, sai in ce sai anjima.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Bayan arba'in wayata ta faɗa ruwa. Mai gyara ya tambaye ni ko na kunna ajiyar saƙonni a Google Drive. Ban ma san da ita ba. Layina ya dawo, muryar Inna ba ta dawo ba, sai guda ɗaya mai daƙiƙa 40 da na taɓa tura wa ƙanwata.

'Yar'uwa, shiga saitin WhatsApp ɗinki yau ki kunna ajiya. In mahaifiyarki ta turo murya kuma, ki saurara nan take, ki amsa mata.

Allah ya jiƙan iyayenmu.