Daga Rijiyar Lemo Zuwa Ƙofar Kabuga: Yawon Buɗe Ido A Gida

Duk wadda Allah Ya nufa ta je Landan, babban birnin Ingila, za ta ba ki labarin yadda mutanen can suka riƙe tarihin yaƙinsu. Daga ranar 7 ga Satumba 1940 jiragen Jamus suka kwashe dare 57 a jere suna yi wa birnin ruwan bama-bamai, iyaye mata suna kwana da 'ya'yansu a tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Har yau 'yan makaranta na zuwa gidan tarihin yaƙi su ga kayan wancan zamani. To uwargida, mu ma muna da namu a Kano, kuma ba sai da biza ba.

Mu faro daga Rijiyar Lemo, mu bi titin Katsina mu nufo gari. Za mu tarar da barikin sojoji na Bukavu. Yara da yawa sun san sunan, amma ba su san sunan wani gari ba ne a ƙasar Kwango, inda sojojin Nijeriya suka yi aikin kwantar da tarzoma a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964.

Ba nisa daga nan sai filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, wanda muka fi sani da rakiyar alhazai. Jirgin sama ya fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila, sai ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yanzu. A can ake haɗa su, su taso su yada zango a Kano, su wuce Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya.

Ba jirage kaɗai yaƙin ya taɓa ba. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, aka kai su dazukan Burma su yaƙi Japan. Cikinsu akwai samarin Arewa masu ɗimbin yawa, wasu sun dawo, wasu can ƙasa ta rufe su. Ki tuna kowannensu ya bar uwa ko amarya a gida tana jiran labari. In akwai tsoho ko tsohuwa a danginku da suka riski yaƙin Hitila, a kai musu yara su ji daga bakinsu, don irinsu sun kusa ƙarewa.

Daga nan sai Fagge, masaukin ayarin raƙuman Azbinawa a da, da maƙwabciyarta Sabon Gari, wadda aka kafa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Mu shige birni ta Ƙofar Mata mu nufi Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Gidan ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan tarihi ne, akwai kayan yaƙin kakanninmu da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zuwan Turawa.

Zangon ƙarshe Ƙofar Kabuga, a yammacin birni. Ta nan sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shigo Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Wazirinsa Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, shi kuwa Sarki aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Abin takaici, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa shekaru kusan 900 da suka wuce, yau gine-gine da masu ɗibar ƙasa sun cinye mafi yawanta. Abin da ɗanki bai gani ba bana, wataƙila jikanki ba zai same shi ba.

Shawara ita ce, wannan hutun ki nemi izinin maigida, ko ma ki roƙe shi ya kai ku da kansa. A fita da sassafe kafin rana ta take, a riƙe ruwan sha da ɗan abin taɓawa, kowane yaro da littafi da biro ya rubuta abin da ya gani. A kowane zango a yi wa magabata addu'a, a kuma nuna wa yara cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.